Toshe talla a intanet: Wa ke biyan kuɗin labarin da ake karantawa kyauta?

A tsakiyar watan Maris na 2016, ɗaya daga cikin shafukan labarai mafiya farin jini a Malesiya, wato The Malaysian Insider, ya sanar da cewa ya rufe aiki. Makonni kaɗan kafin nan hukumar sadarwa ta ƙasar, MCMC, ta toshe shafin saboda wani rahoto da ya wallafa kan badaƙalar asusun 1MDB. Sai dai kamfanin The Edge da ya mallake shi bai ɗora laifin rufewar a kan gwamnati ba. Ya ce kuɗi ne suka ƙare: ya yi asarar kusan ringgit miliyan 10 a cikin watanni 20 da ya yi yana riƙe da shafin, kuma tallan da ake samu bai isa ya riƙe ma'aikata ba.

Masu karatu dai ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai biya.

Tun daga lokacin, tsofaffin gidajen jaridu na birnin Kuala Lumpur sun sha girgiza ɗaya bayan ɗaya. Jaridar Malay Mail, wadda aka kafa a 1896, ta daina fitowa a takarda a ƙarshen 2018 ta koma intanet kacokan. Utusan Malaysia, jaridar harshen Malay da ta girmi 'yancin ƙasar, ta durƙushe a watan Oktoban 2019 kafin wasu sababbin masu jari su farfaɗo da ita a shekarar da ta biyo baya. Babu wanda zai ce manhajojin toshe talla ne suka jawo wannan duka. Amma a irin wannan kasuwa ce mai karatu ke latsa wayarsa sau biyu, ya ɗora manhajar da za ta share duk wani talla daga gabansa, ya ci gaba da karatu cikin kwanciyar hankali. Ko ya ci haƙƙin wani?

Yadda kuɗin ke tafiya

Dogaro da talla ya daɗe a aikin jarida. A 1833 Benjamin Day ya fara sayar da jaridar The Sun a birnin New York a kan kwabo ɗaya na Amurka, farashin da bai kai kuɗin buga ta ba, domin ya tara masu karatu da yawa sannan ya sayar wa 'yan kasuwa fili a shafukanta. Rediyo da talabijin na 'yan kasuwa duk a kan wannan turba suka taso. Mai sauraron gidajen rediyo masu zaman kansu a Kano ya san cewa tallan magani da na shinkafa da ke katse masa shiri su ne ke sayen man janareto.

Abin da intanet ya sauya shi ne yadda ake cinikin. A takarda, mai talla kan biya kuɗin fili, ko ka duba tallan ko ka naɗe ƙosai da shi. A intanet kuwa, yawanci ana biya ne bisa yawan lokutan da tallan ya bayyana a gaban mutum, ko yawan waɗanda suka latsa shi. Da zarar ka buɗe shafi, kafin ƙiftawar ido, kwamfutoci sun yi gwanjon filin tallan da ke kansa, bayan an gaya wa masu saye ƙasar da kake, irin wayar da ke hannunka, da abubuwan da aka ga kana nema a baya. Wanda ya fi tayi shi ke samun idonka.

Manhajar toshe talla tana shiga tsakani ne tun kafin a kai ga haka. Tana ɗauke da dogon jerin adireshin kamfanonin talla da na masu bin sawu, kuma duk lokacin da shafi ya nemi ya ɗauko wani abu daga can sai ta hana. Tallan bai iso ba, ba a ƙirga shi ba, ba a biya kowa ba. Shi kuwa gidan jaridar ya riga ya biya ɗan rahoto, da edita, da kuɗin ajiye shafin.

Ko da tallan ya iso ma, ba duka kuɗin ke shiga aljihun gidan jarida ba. Wani bincike da kamfanin PwC ya yi wa ƙungiyar masu talla ta Birtaniya, wanda aka fitar a 2020, ya gano cewa kusan rabin abin da mai talla ya kashe ne kawai ke isa ga mai shafi. Sauran ya tafi ga dillalai, kuma kimanin kashi 15 cikin ɗari an kasa gano inda ya maƙale. Babban dillalin kasuwar shi ne Google, wanda wata alƙaliyar kotun tarayya a Amurka ta samu da laifin yin kaka-gida ba bisa ƙa'ida ba a wasu sassan kasuwar a watan Afrilun 2025. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujjar masu cewa sata ce

Tun kafin zamanin wayoyin hannu ake wannan gardama. A 2002 Jamie Kellner, shugaban kamfanin Turner Broadcasting na Amurka a lokacin, ya ce duk mai tsallake talla da na'urar naɗar shirye-shirye satar shirin yake yi, domin akwai yarjejeniya tsakaninsa da tashar cewa zai kalli tallan. An yi masa dariya sosai, har da masu tambayar ko zagayawa bayan gida lokacin talla ma laifi ne.

Amma hujjar tana da ƙwari fiye da yadda masu dariyar suka ɗauka. Ba kowace yarjejeniya ake rubutawa ba. Wanda ya zauna a benci mai shayi, ya karanta jaridarsa, ya yi cajin waya, ya sha inuwa har azahar bai sayi ko kofi ɗaya ba, bai karya wata doka ba, amma kowa a wurin ya san abin da ya yi. Mai karanta shafin kyauta ya san cewa tallan shi ne farashin. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji Hausawa, dole ya yi masa aski.

Akwai kuma batun da masana falsafa ke kira cin gumin wasu. Mai toshe talla yana samun labarin ne saboda wasu ba su toshe ba. Da kowa zai yi yadda ya yi, da shafin ya mutu ko ya sa shinge. Kuma waɗanda ba su toshe ba galibi su ne dattawa da marasa ilimin na'ura, waɗanda ba su ma san akwai irin wannan manhaja ba. Ke nan wayayyu ne ke karatu a kan kuɗin waɗanda ba su waye ba.

Wani da ya ji nauyin wannan a jikinsa shi ne Marco Arment, wani maƙerin manhaja Ba'amurke. Da kamfanin Apple ya ba da damar toshe talla a wayoyin iPhone a watan Satumban 2015, manhajarsa mai suna Peace ta zama ta ɗaya a jerin waɗanda ake saya a Amurka. Bayan kwana biyu sai ya janye ta daga kasuwa, ya ce a mayar wa mutane kuɗinsu. Dalilinsa shi ne manhajar ba ta bambanta mai laifi da marar laifi, kuma hankalinsa bai kwanta da cin riba ta wannan hanya ba.

In ɓera da sata

To amma daddawa ma da wari. Mutane ba su wayi gari haka kawai suka tsani talla ba. Shekara da shekaru aka yi ana cusa musu tallan da ke rufe rubutu, da bidiyon da ke kunna kansa da ƙara a tsakiyar masallaci ko ofis, da alamar rufewa mai ƙanƙantar da in ka kuskure ta sai ka tsinci kanka a wani shafin. Ethan Zuckerman, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin tsare-tsaren farko na tallan da ke faɗowa bisa fuskar kwamfuta a shekarun 1990, ya fito a 2014 ya nemi afuwar duniya.

Ga mai karatu a Afirka ko kudu maso gabashin Asiya, maganar ta wuce ta ɓacin rai, ta zama ta aljihu. A 2015 jaridar New York Times ta auna manyan shafukan labarai 50 a wayar hannu, ta samu cewa fiye da rabin datar da suke ci ta talla ce da abubuwan da ke tafe da ita. Ma'ana, mutumin da ya sayi data da kuɗin guminsa a Zariya ko Maraɗi yana biyan kamfanin waya domin a kawo masa tallan da bai nema ba. A Najeriya, inda hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, da wuya ka gamsar da ɗalibi cewa ya wajaba a kansa ya ƙona rabin datarsa saboda kishin aikin jarida.

Wannan ne ya sa cibiyar toshe talla a wayoyi ba a Turai take ba. Rahoton kamfanin PageFair na 2017 ya ƙiyasta na'urori miliyan 615 da ke toshe talla a duniya, fiye da rabinsu wayoyin hannu ne, kuma mafi yawan wayoyin a nahiyar Asiya suke, inda Indunusiya, maƙwabciyar Malesiya, ke kan gaba. Da yawa daga cikin masu wayoyin ba su taɓa zama sun yanke shawarar toshe komai ba. Manhajar shiga intanet da suke amfani da ita, irin su UC Browser, ita ce ta zo da tsarin a cikinta domin rage cin data. Opera Mini, wadda miliyoyin 'yan Najeriya suka fara sanin intanet ta hanyarta, ta sa nata tun 2016.

Sai kuma tsaro, wanda a ganina shi ne hujja mafi ƙarfi. Saboda ta hanyar gwanjo ake sayar da fili, mai shafi sau da yawa bai san tallan da ke fitowa a gidansa ba. 'Yan damfara kan sayi fili kamar kowa, su saka tallan da ke kai mutum shafin banki na bogi ko ya dasa masa muguwar manhaja. A watan Disamban 2022 hukumar FBI ta Amurka da kanta ta shawarci jama'a su riƙa amfani da manhajar toshe talla yayin bincike a intanet. A Malesiya, yawaitar tallan caca da na damfarar zuba jari na daga cikin abubuwan da suka sa MCMC ta yi barazanar gurfanar da kamfanin Meta a watan Yunin 2023, kuma suna cikin dalilan da gwamnati ta bayar na wajabta wa manyan shafukan sada zumunta neman lasisi daga farkon 2025. Uban da ya toshe talla a wayar da 'ya'yansa ke wasa da ita don kada su ga caca ko tsiraici, ban ga wanda zai tsaya gabansa ya kira shi ɓarawo ba.

Kuma yarjejeniyar da Kellner ke magana a kai, in ma akwai ta, an sauya sharuɗɗanta ba da sanin ɗaya ɓangaren ba. Mai karatu ya yarda ya ga talla. Bai yarda a bi shi daga shafi zuwa shafi ana tattara bayanan rashin lafiyarsa da bashinsa da siyasarsa ana rabawa ga kamfanonin da bai taɓa jin sunansu ba.

Ta fuskar doka, inda aka fi gwabzawa shi ne Jamus. Kamfanin Axel Springer, mai jaridar Bild, ya shafe shekaru yana ƙarar kamfanin Eyeo na birnin Kolon, mai manhajar Adblock Plus. A watan Afrilun 2018 babbar kotun tarayyar ƙasar ta ce toshe talla bai saɓa wa dokar gasar kasuwanci ba. Springer ya koma ta ƙofar haƙƙin mallaka, kuma a watan Yulin 2025 kotun ta mayar da wannan shari'ar Hamburg domin a sake dubawa. Su ma masu toshewar ba duka ne tsarkaka ba. Tun 2011 Eyeo ke da jerin tallan da ya ce ba su da illa, waɗanda yake bari su wuce, kuma manyan kamfanoni kan biya shi wani kaso na ribar da suka samu ta wannan ƙofa. Masu suka na kwatanta shi da wanda ya kafa shinge a kan hanya yana karɓar na goro. Akwai dai irin su uBlock Origin, ta Raymond Hill, wadda ba ta da irin wannan ciniki, ko gudummawa ma ba ya karɓa.

Darasin Malaysiakini

Wanda ke son ya ga inda nauyin toshewa ke sauka, ya dubi Malaysiakini. Steven Gan da Premesh Chandran ne suka kafa shafin a watan Nuwamban 1999, dab da babban zaɓe, a lokacin da dokar ɗab'i ta 1984 ta sa kowace jarida sai da lasisin gwamnati, kuma manyan jaridun na hannun jam'iyyun da ke mulki ko na kusa da su. Ƙofar da suka samu ita ce alkawarin da gwamnatin Mahathir Mohamad ta yi wa masu zuba jari na waje cewa ba za ta tace intanet ba.

Masu karatu sun yi tururuwa, masu talla kuwa suka noƙe. A ƙasar da manyan kamfanoni da yawa ke da alaƙa da gwamnati, ba kowa ke son a ga sunansa kusa da labarin da ke ɓata wa minista rai ba. A 2002, tun kafin yawancin manyan jaridun duniya su yi ƙarfin halin yin haka, Malaysiakini ya fara karɓar kuɗin rajista daga masu karatu. A farkon 2003 'yan sanda suka kai samame ofishinsa da ke unguwar Bangsar a Kuala Lumpur suka kwashe kwamfutoci. Bai mutu ba. Daga baya, da ya tashi sayen ginin kansa a Petaling Jaya, masu karatu ne suka riƙa sayen bulo ɗai-ɗai a matsayin gudummawa. A watan Fabrairun 2021, da kotun ƙoli ta ci shi tarar ringgit 500,000 saboda wasu ra'ayoyi biyar da masu karatu suka rubuta a ƙasan wani labari, cikin 'yan sa'o'i jama'a suka tara kuɗin.

The Malaysian Insider ya dogara da talla ya mutu. Malaysiakini ya dogara da masu karatu ya rayu. Da sauƙi a tsaya a nan a ce to, a bar talla ya mutu, kowa ya biya. Sai dai akwai wani abu a tsarin Malaysiakini da ya kamata mai karanta Hausa ya lura da shi. Sashen Ingilishi aka sa wa shinge, daga baya na Sinanci, inda masu karatu suka fi zama 'yan birni masu katin banki. Sashen harshen Malay, harshen mafi rinjayen al'umma da mutanen karkara, an bar shi a buɗe. Sashen da ke a buɗe kuwa ba shi da abin dogaro sai talla da rarar da ɗaya sashen ya samar.

A nan ne nake ganin masu cewa toshe talla tawaye ne ga Google suke kuskure. Google ba ya jin wannan duka. Mafi yawan kuɗinsa daga shafin bincikensa da YouTube suke fitowa, kuma yana da ƙarfin ramawa: tun 2023 YouTube ke hana masu toshe talla kallo, kuma sauye-sauyen da aka yi wa manhajar Chrome sun rage wa masu toshewar kaifi. Facebook da TikTok da Instagram ma ba su damu ba, domin a cikin manhajojinsu na waya ake kallonsu, inda galibin masu toshewa ba sa iya kaiwa. Manyan jaridu irin New York Times sun koma kan kuɗin rajista. Kafafen da gwamnatoci ke ɗaukar nauyinsu ba su rataya a kan talla ba tun asali. Wanda ya rage a fili shi ne ƙaramin shafi mai zaman kansa, mai rubutu da harshen da masu talla ba su ɗauke shi da daraja ba.

Shafukan Hausa na cikin gida suna cikin wannan rukuni. Mai talla na biyan kuɗi kaɗan ƙwarai a kan idon mai karatu a Najeriya ko Nijar idan aka kwatanta da na Amurka ko Ingila, don haka sai shafi ya tara dubban masu shiga kafin ya samu kuɗin motar ɗan rahoto ɗaya. Shinge kuma ba mafita ba ce ga mutanen da ba su saba biyan kuɗin labari a waya ba, ko da yake kakanninsu sun saba: jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939 farashinta na cikin sunanta, Gaskiya Ta Fi Kwabo. Idan kuɗin talla ya ragu, abin da ke biyo baya sananne ne. Mai shafi ya ƙara yawan tallan, ya karɓi na caca da na maganin ƙarfin maza da a da zai ƙi, masu karatu su ƙara toshewa. Daga nan sai kanun labarai na yaudara, sai labarin da ɗan siyasa ya biya aka rubuta ba tare da an faɗa ba. Wannan kuwa talla ne da babu manhajar da ke iya toshe shi.

Saboda haka ba na kiran mai toshe talla ɓarawo. Wayarsa ce, datarsa ce, kuma babu wanda ke da haƙƙin tilasta masa sauke abin da zai iya cutar da shi. Amma toshewar ba ta sauke masa nauyin shafin da yake shiga kullum safiya ba. Kusan kowace manhajar toshewa na da wurin da za ka cire wani shafi daga cikin jerin, kuma aikin bai wuce daƙiƙa goma ba. Wanda ya toshe shafin da ya faɗa bisa kuskure sau ɗaya daban, wanda ya shekara biyar yana karanta jarida ɗaya bai buɗe mata ba, bai yi rajista ba, bai taɓa aika ko sisi ba, shi ma daban. Shi kuma mai shafin da ke roƙon a buɗe masa, sai ya fara share gidansa, ya san abin da ake tallatawa da sunansa.

A Kuala Lumpur, hukumomi sun nemi su biyo ta wata hanyar. A watan Satumban 2023 MCMC ta ce tana tattaunawa da Google da Meta kan tsarin da zai sa su riƙa biyan gidajen jaridu, irin wanda Ostireliya ta kafa a 2021 da wanda Kanada ta kafa a 2023. Sakamakon Kanada ya rabu biyu. Google ya amince ya riƙa ba da dalar Kanada miliyan 100 a shekara. Meta kuwa ya ƙi, ya cire labarai gaba ɗaya daga Facebook da Instagram a ƙasar tun watan Agustan 2023, kuma ƙananan kafafe na yankuna da ke samun masu karatunsu ta can su ne suka fi jin jiki.